Gwauro da Mai Cika Baki: Yadda Italiyawa Suka Yi wa Mazantaka Dariya, da Abin da Ya Shafe Mu a Ƙasar Gobir

(Lacca da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da malamai a garin Isa)

 

 

Na san akwai wanda ya ji taken laccar nan ya ce a ransa: mutanen da ba su samun barcin kirki saboda rashin tsaro, me ya haɗa su da finafinan ban dariya na Italiya, waɗanda aka yi tun kafin a haifi iyayen wasu daga cikin ɗaliban nan? Tambayar tana kan hanya. Italiyar da matasanmu suka sani ita ce ta ƙwallo, wadda Osimhen ya ci kofi da Napoli a 2023, sai kuma wadda ake bi ta Agadas da Libiya ana mutuwa a teku kafin a kai gare ta. Ni kuwa wata Italiya na zo da ita, wadda ta ɗauki kusan shekara ashirin tana zama a sinima tana ƙyaƙyata dariya a kan mazajenta. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama ku yanke hukunci ko ta shafe mu.

Mu fara daga gida. Ba sai na gaya wa kowa a nan wane ne gwauro ba, ko gwabro kamar yadda bakinmu ya fi sabawa. Ya taɓa aure, matar ta fita ko ta rasu, ya zauna haka nan. Ɗan'uwansa tuzuru kuwa bai taɓa yi ba sam, ga gemu har ya fara furfura. Idan azumi ya kai kwana goma yara suka fara tashe, su biyun nan ne abincinsu. A buga musu gwangwani a ƙofar ɗaki, a yi musu waƙar yawan barci, a kwaikwayi yadda gwauro yake hura wuta da kansa hayaƙi na shiga masa ido, da yadda yake jiran kwanon maƙwabta lokacin buɗa baki. A birnin Kano abin har sarauta gare shi. Akwai Nalako, sarkin gwagware, mai fita da jama'arsa da ganga da igiya suna kamun gwauro, a ɗaure mutum a zaga gari da shi yana rawa, mata na shewa. Manufar a fili take: a kunyata shi har ya je ya nemi aure kafin wani azumin ya zagayo.

Ban zo sukar tashe ba. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma an sha samun wanda kunyar tashe ce ta tura shi gidan surukai. Amma ku lura da wanda igiyar take kamawa. Ba ta taɓa kama mai kuɗin da yake auri-saki, wanda ya sallami mata uku a shekara biyu, domin shi kullum akwai mace a ɗakinsa. Wanda take kamawa shi ne wanda matarsa ta tafi, bai sami abin sake wata ba. Wato wanda ya mai da 'ya'yan mutane zawarawa yana tsaye cikin 'yan kallo yana dariya, wanda talauci ya kayar shi ne ake ja a titi.

Italiyawa ma daga nan suka faro, har sun fi mu tsanani, domin su hukuma ce ta riƙe igiyar. A ƙarshen 1926 gwamnatin Musolini ta kafa harajin rashin aure, ya fara aiki a 1927. Duk namijin da yake tsakanin shekara 25 zuwa 65 bai yi aure ba sai ya biya kuɗi kowace shekara, in ban da limaman coci da waɗanda yaƙi ya naƙasa da wasu rukunin sojoji. Ba don tausayin mata aka yi ba. Musolini yana son a hayayyafa ne ya sami sojojin kafa daula, kuma kun san a 1935 ya afka wa Habasha. Shi kansa yakan tuɓe riga ya shiga gonar alkama a ɗauke shi hoto ƙirji a waje, don a ga abin da ake kira namiji. Yaran da suka tashi a lokacin an cika musu kunne da cewa su zakuna ne. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, aka ci Italiya da yaƙi, aka soke harajin a 1943 bayan faɗuwar gwamnatin, zakunan suka komo gida da yunwa da tsumma. Waɗannan yaran ne suka girma suka riƙe kyamara. Sun ga cika baki tun daga kan shugaban ƙasa, sun kuma ga inda ya ƙare, shi ya sa ba su ƙara yarda da shi ba.

A 1953 Federico Fellini ya fito da I vitelloni. Samari biyar ne a wani ƙaramin gari na bakin teku, sun kusa shekara talatin, ba mai aikin kirki a cikinsu. Su kwana yawo, su wuni barci, su zauna a majalisa suna tsara tafiyar da ba za a yi ba. Ɗayansu, wanda Alberto Sordi ya fito a matsayinsa, 'yar'uwarsa ce take aiki tana ba shi na kashewa, amma shi ne mai sa mata ido, wai yana tsare mutuncin gida. Akwai wurin da har yau Italiyawa ba su manta ba. Suna tafe cikin mota suka wuce lebarori masu gyaran titi cikin rana, Alberto ya miƙe ya yi musu gwalo da daƙuwa. Ba su yi nisa ba motar ta mutu, lebarorin suka biyo su da gudu. Wani daga cikinsu, Fausto, ya yi wa yarinya ciki aka tilasta masa aure, bai daina bin mata ba, sai da ubansa ya zare bel ya zane shi kamar ɗan yaye, yana magidanci da ɗa.

Shekara biyu bayan haka, a 1955, Antonio Pietrangeli ya yi fim sukutum a kan tuzuru, Lo scapolo. Sordi ne dai, a matsayin Paolo, akanta mai alfahari da cewa shi ba macen da za ta ɗaure shi. Abokin zamansa ya yi aure, dole ya tattara ya koma ɗakin haya. A gaban abokai labarin 'yammata ba ya ƙarewa a bakinsa. Amma kyamara tana bin sa har bayan an watse, mu gan shi yana cin abinci shi kaɗai, yana buga waya ba mai lokacinsa, ya kwanta ciwo ba mai miƙa masa ruwa. Ku lura, ba rashin matar ake yi wa dariya ba a nan, tausayinsa ma ake ji. Ƙaryar da yake yi wa kansa da abokansa ita ce abin dariyar. Wani abin sha'awa, Sordi kansa har ya rasu a 2003 yana da shekara 82 bai yi aure ba, tare da 'yan'uwansa mata ya zauna, kuma birnin Rum ya cika maƙil ranar jana'izarsa. Da a Kano yake, da Nalako ya gaji da shi.

Daga nan ne masu fim ɗin suka yi abin da ya sa na kawo muku labarinsu. Sun juya kyamara daga kan marar aure zuwa kan garin da yake auna shi.

Zan nemi afuwar iyayena, zan yi maganar gaba a sakaye. A tsibirin Sisili akwai marubuci Vitaliano Brancati, wanda ya yi suna wajen zolayar halin mazan yankinsu, halin da ya kira zakaranci: taƙama da yawan mata, ko da a baki ne kawai. A 1960 Mauro Bolognini ya mai da littafinsa fim, Il bell'Antonio, Marcello Mastroianni ya fito a matsayin Antonio. Kyakkyawan saurayi ne da ya dawo garinsu Kataniya daga Rum, labari ya riga shi isowa cewa matan manya sun mutu a kansa. Ubansa yana yawo gari yana taƙama, wai ɗan ya gado shi. Aka aura masa 'yar gidan masu hali, Claudia Cardinale ce ta fito a matsayinta. Aka shekara, sai ta bayyana cewa Antonio bai iya sauke haƙƙin aure ba. Iyayen yarinya suka kai magana coci aka warware auren, ta auri wani mai dukiya. Uban Antonio kuwa bai tsaya tambayar ɗansa me ke damunsa ba, abin da ya dame shi shi ne me za a ce a gari. Don ya wanke sunan gidansu, tsoho da shi ya nufi gidan karuwai kowa na gani, a can zuciyarsa ta buga ya mutu. Daga baya 'yar aikin gidan ta yi ciki, uwar Antonio ta ɗauka nasa ne, ta shiga shelanta wa maƙwabta cikin murna, mutane suna zuwa yi masa barka. Gari guda, masu zuwa coci kowace Lahadi, sun gwammace a ce ɗansu mazinaci ne da a ce marar lafiya ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye ya ji abin da mai maganin maza yake faɗa a lasifika, ya kuma ga yadda ake miƙa masa kuɗi ana waige-waige, ya san tsoron nan ba na Sisili kaɗai ba ne.

Wanda ya fi duka suna shi ne Divorzio all'italiana na Pietro Germi, 1961, wato saki irin na Italiya, kuma daga sunansa aka laƙaba wa wannan salon fim gaba ɗaya suna. A lokacin babu saki a dokar Italiya, in an ɗaura an ɗaura ke nan har mutuwa. Amma akwai sashe na 587 na dokar laifuka, wanda ya ce mutumin da ya kama matarsa ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa da wani, ya kashe ta cikin zafin an taɓa masa mutunci, ɗaurinsa shekara 3 zuwa 7 ne kawai. Mastroianni ya fito a matsayin Fefe, ɗan sarautar da dukiyar gidansu ta ƙare sai suna, gashi a shafe da mai, sigari a baki. Ya gaji da matarsa bayan shekara 12, idonsa na kan wata 'yar'uwarsa 'yar shekara 16. Tunda ba saki, sai ya zauna ya yi lissafi. Ya nemo tsohon saurayin matar, ya kawo shi gida da sunan aiki, ya ɓoye rikoda, yana jiran su yi abin da zai ba shi hujjar kisa. Suka gudu tare kafin ya shirya. Nan gari ya ɗauka. Ana aiko masa da wasiƙun zagi ba suna, ana kauce masa a hanya, har tofa masa yawu aka yi a gaban jama'a, duk ana jiran ya nuna shi namiji ne. Ya bi ta ya harbe, ya yi shekara uku a kurkuku, ya dawo aka tarbe shi kamar wanda ya ci yaƙi, ya auri yarinyar. A hoton ƙarshe suna cikin jirgin ruwa yana sumbatar amarya, ita kuwa ƙafarta tana shafar ƙafar saurayin da ke tuƙa jirgin.

Fim ɗin ya ci kyautar Oska ta rubutun labari. Ba zan ce shi kaɗai ya sauya doka ba. A ƙarshen 1965 aka sace wata yarinya mai suna Franca Viola a garin Alkamo na Sisili, aka yi mata fyaɗe. A dokar lokacin, idan wanda ya yi fyaɗen ya auri yarinyar laifinsa ya faɗi, kuma haka aka saba yi don a rufe magana. Ta ce ba ta aurensa, ubanta manomi ya tsaya mata duk da barazana, aka ɗaure mutumin. Irin wannan tsayuwa da gwagwarmayar mata da 'yan majalisa su suka kawo dokar saki a 1970, jama'a suka tabbatar da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 1974, aka kuma soke sassaucin kisan mutunci da auren rufa fyaɗe a 1981. Abin da dariya ta yi shi ne ta cire wa abin kwarjini. Bayan miliyoyin mutane sun yi wa Fefe dariya, ya yi wa lauya wuya ya tsaya gaban alƙali yana kumbura murya a kan mutuncin namiji ba tare da wani ya yi murmushi ba.

Ciwonsu da namu ba ɗaya ba ne, kada a ce na haɗa su. Su an rufe musu ƙofar saki. Mu shari'a ta buɗe mana ita don lalura, muka mai da ita ƙofar shiga da fita, a kan gishiri ya yi yawa a miya, ko a kan an ce wa mutum mijin-ta-ce a majalisa. Amma mai tura namijin ɗaya ne a can da nan: tsoron bakin maza 'yan'uwansa.

Saura guda, kuma shi na fi so matasa su riƙe. Il sorpasso na Dino Risi, 1962. Lokacin nan kuɗi sun fara shigowa Italiya, masana'antun Milan da Turin suna ɗibar 'yan ƙauyen kudu kamar yadda Legas da Fatakwal suke ɗibar namu 'yan cin rani, kowa burinsa mota da firji da talabijin. Vittorio Gassman ya fito a matsayin Bruno, ɗan kusan shekara arba'in da ke rayuwar ɗan ashirin, da buɗaɗɗiyar motarsa Lancia mai hon da ake ji tun daga nesa. Ranar hutun 15 ga Agusta ya ci karo da wani ɗalibin lauya mai kunya, Roberto, ya janye shi yawo. Bruno ya san kowa, ya iya rawa, ya iya zance, ba motar da zai bari a gabansa. A hankali muke gane cewa aljihunsa wayam ne, kuɗin ɗalibin ake kashewa, yana da matar da ya bari da 'yar da ta girma ba ya nan, har ya kusa yi mata zancen banza a bakin teku don bai gane ta ba. Duk da haka yaron ya fara sha'awar zama irinsa, har shi ne yake zuga shi ya ƙara wuta. A wata kwana suka yi ƙoƙarin wuce wata mota, babbar mota ta ɓullo, Bruno ya faɗo waje ya tsira, motar ta gangara da yaron. Ɗan sanda ya tambaye shi sunan mamacin, ya ce sunan farko kawai ya sani. An wuni ana dariya, aka fita sinima ba mai magana.

Ku cire Lancia ku sa sabon babur, ku cire bakin teku ku sa hanyar Shinkafi ranar sallah, ku gaya mini in ba ku san Bruno ba. Kun kuma san yaron da ke bayansa yana riƙe da shi.

Wani zai ce wannan sai Turawa. A'a. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi tun da daɗewa. Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tawa, ya yi wani fim a 1966 a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka shiga addabar ƙauyensu, wasa ya koma jini. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma mutumin Gobir da ya kalle shi yau ba zai yi dariya da yawa ba. A 1972 ya sake yin wani mai suna F.V.V.A., haruffan farko na mata, mota, gida da kuɗi a Faransanci, labarin ƙaramin ma'aikacin da ya bi waɗannan huɗun har ya taɓa kuɗin ofis aka ɗaure shi. A 1972 ɗin dai Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu da Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya dawo daga Makka ya sa kuɗi ya aure yarinyar da aka yi wa wani alkawari, abin ya ƙare da kisa. A wajenmu, marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana fitowa a Samanja Mazan Fama, sojan da tsawarsa ta fi aikinsa, a zamanin da sojoji ke mulki. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, jikan Gizo ne a wasa: ga kuri, ga kwaɗayi, ga gudu in ta yi zafi. Inda nake ganin finafinan barkwancinmu na yanzu suka gaza shi ne sun cika tsayawa a kan faɗuwa da duka da zolayar baƙauye. Ba safai suke bin mai cika baki har gida su nuna mana wanda ya biya kuɗin kurinsa ba, matarsa ce, ko ɗansa, ko ɗan mutane.

Yanzu bari in zo inda muke zaune. Ƙasar nan ba baƙuwar mazantaka ba ce. Jikokin Bawa Jan Gwarzo ne ke zaune a ɗakin nan, kufan Alƙalawa, wadda aka ci a 1808, yana nan kusa da Sabon Birni. Muna da dambe da kokawa da tauri da farauta, muna da sarkin noma. Amma waccan mazantakar tana da ƙa'ida. Ɗan dambe da tsaransa yake karawa, a fili, gaban shaidu, kuma da hannun abokin karawa ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Manomi da damin da ya ɗaure ake auna shi. Yau wata iri ce ta shigo, wadda ake aunawa da yawan mutanen da ke tsoronka. Ita ce ta ƙone matafiya cikin mota a yankin nan a Disamba 2021. Ita ce ta kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ta wulaƙanta shi, ya rasu a hannunta a Agusta 2024. Allah Ya jiƙansu, Ya ba mu lafiya. Masu ita suna hawa TikTok suna baza kuɗi da bindigogi, yaranmu suna kallo a waya.

Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ban ce wani yaro ya ɗauki waya ya zolayi mai bindiga da suna ba. Duk wanda ya ce na ce haka ya yi mini ƙarya. Abin da nake cewa shi ne tunanin da ke sa yaro ya ga wancan ya burge shi ba a daji aka haife shi ba. A teburin mai shayi yake girma, inda ake yi wa mai haƙuri kallon rago, ake tafa wa wanda ya ce shi mace ba ta isa ta tambaye shi inda ya kwana ba, ake girmama kuɗi ba a tambayar inda suka fito. Nan kam dariya tana iya kaiwa, kuma ba a harbin kowa.

Ku dubi kuma su wane ne gwagwarenmu da tuzuranmu na yau. Saurayin da aka sayar da shanun da za a yi masa lefe aka biya kuɗin fansa. Magidancin da iyalinsa suke gudun hijira a Gidan Runji, shi yana gadi a Ibadan. Manomin da ya shekara uku bai taka gonarsa ta fadama ba. Ga sadaki, ga lefe, ga kuɗin gaisuwa, ga ɗakin da za a gina, a shekarun da buhun gero ya gagari mai albashi. Yi wa wannan gwalo zalunci ne. Malamaina suna nan, sun fi ni sani: hadisin da ya kwaɗaitar da matasa aure shi ne kuma ya ce wanda bai sami iko ba ya riƙi azumi, bai ce a kunyata shi ba. Imamu Nawawi, wanda muke karanta Arba'una ɗinsa a kowane zaure, har ya bar duniya bai yi aure ba. Gwamnatoci suna nasu ƙoƙari da auren gata, Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a Oktoba 2023. Madalla. Amma in ana ɗaurawa ta gaba ana kwancewa ta baya, kuma mai kwancewar ba ya jin kunyar kowa, zawarawan ba za su ƙare ba. Da Sarki Muhammadu Sanusi na II ya tayar da maganar masu tara matan da ba su iya ciyarwa a 2017, kun ga ƙurar da ta tashi. Abin da ya gagari sarki daga kan mumbari, wani lokaci ɗan kama yakan faɗe shi a tsakar kasuwa a yi dariya a wuce, maganar kuma ta zauna.

Kada ku fita nan ku ce na ce finafinan Italiya duka abin koyi ne. Akwai wuraren da ba za ka kalla da iyalinka ba. Maza ne suka yi su kusan duka, kuma sau da yawa macen ado ce kawai a ciki. Akwai ma haɗarin da su kansu suka gani: wasu 'yan kallo sun fita suna kwaikwayon hon ɗin Bruno, sun manta da gawar. Mai zolayar mugun hali in bai yi hattara ba sai ya ƙara masa farin jini. Dabarar kawai nake so mu ɗauka. Ba su mai da mutumin dodo ba, sun bar shi da fara'arsa yadda ɗan kallo zai ga kansa ko wansa a ciki, sannan suka bi shi har inda halinsa ya kai shi. Kuma da bakin garinsu suka yi, na Rum da na Sisili da na Napoli, ba su ari na kowa ba.

Kayan aikin kuwa muna da su. A garin nan Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa, kuma duk wanda ya san waƙoƙinsa ya san yadda zambonsa yake tuɓe ɗan sarki mai girman kai ba tare da an kama suna ba. Gobirawa da Yarabawa sun daɗe suna gaya wa juna maganar da ba mai iya gaya musu, a rabu ana dariya. Iyayenmu mata kuma, da nake gani suna rufe baki da gyale tun ɗazu, sun fi kowa. Wanda yake son ya san yadda ake kallon maigida in ya fita, ya saurari habaicin da ake yi a bakin turmi da wurin daɓe. Rabin labarin da kuke nema yana can an riga an tsara shi.

Don haka ƙannena ɗalibai, kuna da waya, kuna da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantunku. Ku rubuta mana wasa na minti goma, da Gobiranci, kada ku ari Kananci. Ku nuna mana ɗan cin ranin da ya dawo da waya biyu da bashin da ya fi su, ko maigidan da yake sayen tsire ya ci a tasha ya shiga gida yana faɗan miya ba nama, ko wanda ya saki matarsa don a ce masa namiji, ya kwana yana jijjiga yaro. Ku ba 'yan'uwanku mata su karanta kafin ku hau dandali, za su gaya muku inda kuka yi wa kanku sassauci. Malamai da shugabannin makarantu, in sun kawo muku ku duba ku gyara, amma don Allah kada ku hana. Iyayenmu uwayen ƙasa, in an gayyace ku ku zo ku zauna a gaba, ko da wasan ya ɗan taɓa wani na kusa da ku.